Kwashe kaya ba ya goge suna daga takardar haya

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan mutum biyu suka kama gidan haya tare, daga baya zama ya ƙi daɗi, wanda ya tattara nasa ya nasa ya fita shi ke nan ya sauke nauyin kuɗin haya. Ba haka abin yake ba.

Mai gida babu ruwansa da rigimarku, takarda ya sani. Idan ku biyun kuka sa hannu a yarjejeniya ɗaya, a yawancin dokokin haya kowannenku yana ɗauke da cikakken kuɗin, ba rabi ba. In wanda ya rage ya daina biya, ana iya bin wanda ya fita bashin duka, ko da ya yi wata 6 bai leƙa gidan ba. Alkawarin "ni rabi, ke rabi" a tsakaninku ya tsaya.

Shi ma wanda ya zauna ba shi da hurumin canza makulli ko watsa kayan ɗayan waje, ko da shi ke biyan kaso mafi tsoka (a nan ne fushi ya fi jefa mutane cikin shari'a). Kuɗin ajiyar da aka bayar da farko kuwa yakan zauna a hannun mai gida har wa'adin haya ya cika.

Suna yana fita ne idan mai gida ya yarda a rubuce, ko aka sabunta yarjejeniyar da sunan mutum ɗaya. Wanda tun farko babu sunansa a takardar, ƙafarsa ba ta da ƙarfi sosai, sai dai aure na iya sauya lissafin a gaban kotu.