Tiyon mai daga ciki yake fara lalacewa

Masu tsofaffin motoci a Sakkwato da yawa sun yarda cewa muddin tiyon fetur bai tsage a waje ba, lafiyarsa ƙalau. Ba haka ba ne. Fetur yana cin robar ne ta ciki, tana laushi tana ɓarewa, ɓarɓashinta ya bi mai ya toshe kafireto, alhali bayanta sumul. Ga kuma zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga na injin, roba ta bushe ta ƙandare.

Don haka kallo kawai bai isa ba. Bari injin ya huce, ka lanƙwasa tiyon da yatsu kusa da inda aka ɗaure shi. Idan ƙananan tsagu suka buɗe, ko ya yi tauri kamar kara, ko warin fetur ya kama hannunka, a canza shi yau. Ɗigo kaɗan a kan salansa mai zafi ya isa ya tada gobara.

Kada kuma ka yarda makaniki ya sa maka tiyon ruwa, fetur na lalata shi da wuri. Duba rubutun jikinsa: SAE J30 R7 na motar kafireto ne, mota mai injekta kuwa sai R9, domin matsin fetur ɗinta ya fi ƙarfi.