Ku daina aiken ƙananan yara su tsallaka titi su kaɗai

Assalamu alaikum jama'a. Aikin jinya nake yi a nan Garwa, arewacin Kamaru, kuma abin da ake kawo mana daga bakin kwalta ya ishe ni. Yaro ɗan shekara biyar ko shida, an naɗo shi a zanen uwarsa, ƙafa a karye ko kai a fashe, wani ma kuɗin aiken na nan dunƙule a hannunsa. In ka tambaya, amsar kusan ɗaya ce: an aike shi sayo magi, an aike ta kai tuwo gidan kaka, can tsallaken titi. Yawanci kuma dab da magariba ne, hankalin manya ya koma kan girki da alwala, ga hazo ga ƙura, wani direban bai ko kunna fitila ba.

Haba iyaye! Hanyar nan da ta ratsa mu babbar hanyar ƙasa ce mai lamba 1. Kayan da jirgin ƙasa ya sauke a Ngaundare a kanta tireloli ke kwasarsu, su bi ta Ngong, Garwa, Pitowa, Figil, har Kusiri, su shiga Injamena. Tirela mai lodi ba ta tsayawa nan take, komai kirkin direba. Shi kuwa ƙaramin yaro bai iya auna gudun mota ba. Gajere ne, motar da aka ajiye a gefe ta rufe shi. In ya tsorata a tsakiyar titi sai ya juyo da gudu, nan babur ke samunsa. Wannan ne kuke ce wa "yi maza ka dawo"? Wannan "maza" ɗin ita ke hana shi duba hagu da dama.

Na san wahalar da kuke ciki, iyayena mata. Ga goyo, ga tukunya a wuta, ga babu mai taimako. Na san kuɗin tallar 'yar nan na shiga cefane. Amma ku zo ku ga uwa zaune a ƙofar ɗakin tiyata, sannan ku faɗa min ko magin ya kai haka. Kuma don Allah a bar rufe bakin kowa da "ƙaddara ce". Mun yi imani da ƙaddara, sakaci kuwa sunansa sakaci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, wato mu. Ta ce idan gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, haɗarin mutuwar wanda ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi. Shi ya sa ake son kada a wuce 30 a inda mutane da motoci ke cakuɗuwa.

Ban ce laifin iyaye kaɗai ba ne. An shimfiɗa kwalta tsakanin gidaje da makaranta, kasuwa ta cinye gefen hanya, mai tafiya a ƙasa bai da wurin taka ƙafa. Magajin gari shi kaɗai ba zai gyara wannan ba, jandarma ma haka. Sai sun zauna wuri guda da masu gina hanya, jauro da mai unguwa, shugabannin makarantu, ƙungiyar direbobi da ta 'yan acaba, da mu na asibiti da muka san wuraren da aka fi kwaso masu rauni. A sa tudun rage gudu da fitila da wurin tsallakawa a nan, a matsar da masu tebur baya. Ku tafi ƙungiya ku nema, ku yi ta komawa.

Kafin a yi wannan, yaron yana hannunku:

- Wanda bai kai shekara 10 ba, babba ya riƙe hannunsa.
- Aike bayan la'asar sakaliya, a tura babba ko a haƙura.
- Mai talla kada ta bi mota da gudu don canji.
- Da dare a sa kaya masu haske, a yi tafiya ana fuskantar motoci.

In tsautsayi ya faru, kada a ɗaga shi a girgiza, kada a ɗura masa ruwa. A danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta, a tallafe kai da wuya su tsaya daidai, a kawo shi asibiti a kwance. Ko ya miƙe yana cewa ba komai, ku kawo shi a ranar, domin jinin da ke zuba a cikin kai ko ciki ba ya nunawa da wuri.