Ciwon dajin fata: me ya sa likita ke tura mutum hoto kafin tiyata?

Wanda aka shaida wa cewa baƙin tabon da ke tafin ƙafarsa ciwon daji ne, babban burinsa a cire masa shi yau yau. Sai kuma likita ya miƙo masa takardar ɗaukar hoto, a ƙara kwanaki, a ƙara kashe kuɗi. Ga tambayoyin da suka fi damun marasa lafiya da 'yan'uwansu a wannan gaɓar.

Ciwon yana kan fata, ana ganinsa da ido. To hoton me za a ɗauka?

Ana neman inda ciwon ya riga ya kai ne a cikin jiki. Ƙwayoyin daji sukan bi hanyoyin ruwan jiki su sauka a 'yan ƙullutun nan da muke kira kaluluwa idan sun kumbura. Na ƙafa yakan fara sauka a matsematsi, na hannu a hammata, na fuska da kai a wuya. Daga nan, ko ta hanyar jini, yana iya kaiwa huhu, hanta, ƙwaƙwalwa ko ƙashi.

Wannan ne ke sauya tsarin aikin. Idan daji ya kama kaluluwa, likita zai shirya cire ta tare da tabon. Idan kuwa ya riga ya shiga huhu, yanke ƙafa ba zai raba mutum da cutar ba, kuma bai kamata a rasa gaɓa a banza ba. A nan magungunan da ke zagaya jiki gaba ɗaya su ne kan gaba.

Kowane mai dajin fata ne ake yi wa hoto?

A'a. Akwai nau'in da ya fi yawa a jikin Turawa, mai tasowa daga ƙasan fatar waje, wanda da wuya ya bazu. Galibi cire shi kawai ake yi. Akwai na biyu mai tasowa daga saman fata, kuma shi ne ke addabar zabiya saboda zafin rana. Shi ne kuma yakan tsiro a tsohon tabon ƙuna ko gyambon da ya shekara da shekaru bai warke ba. Wannan yana iya kama kaluluwa, musamman na gyambo. Na uku shi ne melanoma, mafi haɗari a cikinsu. A jikin baƙar fata yakan fito a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta cika duka ba, shi ya sa ake ɗaukarsa kaushi ko ƙaya ce ta soke mutum.

Ta yaya likita ke sanin wanda ke buƙatar hoton?

Daga sakamakon gwajin nama. Ana yankar ciwon, ko wani yanki nasa, a duba a madubin ƙara girma. A 1970 wani likitan binciken nama a Amurka, Alexander Breslow, ya nuna cewa zurfin da melanoma ya yi a cikin fata shi ne babban mai nuna haɗarinsa, kuma har yau da milimita ake auna shi.

Idan bai kai milimita 1 ba, babu kaluluwa, mutum kuma ba ya kukan komai, yawanci ba a buƙatar hoto. Yin sa ma yana iya jawo wahala, domin na'ura takan nuno ɗan ɗigo a huhu ko hanta wanda ba komai ba ne, sai a shiga fargaba da ƙarin gwaje-gwaje. Idan kuwa ya zarce milimita 4, ko ya fashe ya zama miki, ko likita ya taɓa ya ji kaluluwa mai tauri, ko mutum yana rama, yana tari ko ciwon kai maras yankewa, to dalilin hoto ya yi ƙarfi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, da yawa daga cikin mutanenmu sai ciwon ya riga ya yi zurfi haka suke isa asibiti. An shafa magani, an kai wa wanzami ya tsaga, an ɗaure da tsumma wata da watanni. Saboda haka hoton da a wasu ƙasashe ake cewa ba dole ba ne, a wurinmu sau da yawa ya zama dole.

Wane hoto ne wane?

Sikanin irin wanda ake yi wa masu juna biyu shi ya dace da duba kaluluwa. Yana da sauƙin kuɗi, ba ya amfani da haske mai illa, kuma da shi likita zai iya saita allura ya zuƙo ɗan nama don gwaji. CT yana duba ƙirji, ciki da ƙugu cikin 'yan mintuna. MRI ya fi kowanne ganin ƙwaƙwalwa.

PET kuma wani abu ne daban. Ana yi wa mutum allurar suga mai ɗauke da sinadarin da na'ura ke hangowa, kuma da yake ƙwayoyin daji suna zuƙar suga fiye da sauran nama, sai wurin ya haska. Sinadarin yana rasa rabin ƙarfinsa cikin kusan minti 110, don haka sai an haɗa shi kusa da inda za a yi amfani da shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa na'urar ta yi ƙaranci a Afirka ta Yamma. Ƙwaƙwalwa ita ma mai cin suga ce sosai, shi ya sa PET ba ya maye gurbin MRI a can.

Idan hoto ya fito babu komai, an tsira ke nan?

Labari ne mai daɗi, amma na'ura ba ta ganin 'yan ƙwayoyin da ba su taru sun kai milimita kaɗan ba. Saboda haka likitan tiyata Donald Morton da abokan aikinsa suka fito da wata dabara da suka wallafa a 1992: a yi allurar shuɗin rini, daga baya aka haɗa da sinadarin da ake iya bin sawunsa, a gefen ciwon, a ga kaluluwar da ya fara isa, a cire ita kaɗai a gwada. Ana yawan ba da shawarar yin haka ga melanoma da ya wuce milimita 1 idan ba a ji kaluluwa da hannu ba. Ko bayan tiyata, komawa asibiti a duba mutum lokaci zuwa lokaci na shekaru ne.

Idan kuma ya nuna wani abu fa?

Ba duk abin da ya haska ba ne daji. Tarin TB da sauran cututtukan da ke kawo kumburi suna haskawa a PET, suna kuma barin tabo a huhu. Mai miki a ƙafa ma yakan yi kaluluwa saboda ƙwayoyin cuta kawai. Shi ya sa likita kan nemi a gwada naman wurin kafin ya yanke hukunci. Wanda ya taɓa yin tarin TB ya faɗa tun farko.

Me ya kamata a faɗa wa ma'aikatan hoto?

Mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa kafin CT ko PET. Mai ciwon ƙoda ya faɗa, domin ruwan da ake sa wa a jijiya don hoto ya fito sosai yana iya ƙara wa ƙoda nauyi. Mai ƙarfe a jiki ko na'urar bugun zuciya ya faɗa kafin MRI. PET yana buƙatar a kame baki daga abinci na sa'o'i 4 zuwa 6, mai ciwon suga kuma sai an tsara masa yadda zai sha maganinsa ranar.

Idan kuɗin bai kai ba?

A gaya wa likita gaskiya, a tambaye shi wane hoto ne zai iya sauya tsarin aikin, wane kuma za a iya jinkirtawa. Sau da yawa duba kaluluwa da hannu, sikanin da hoton ƙirji sukan ba shi abin da zai fara da shi, ko da ba su kai CT gani ba. Gwajin nama dai kada a tsallake shi, kuma kada a koma gida a yi wata shida ana tara kuɗin hoto alhali ciwon yana ƙara zurfi. Ranar komawa a riƙo takardar sakamakon gwajin naman da duk tsofaffin hotunan da aka taɓa ɗauka.