Beli, kotu da gonar da aka hana ka: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk ranar da na shiga kasuwar Wudil sai an tare ni da tambayoyin nan, ko shayina ba na iya shanyewa. Ga su a rubuce, a karanta wa wanda bai iya ba.

Ana biyan kuɗin beli a wurin 'yan sanda?

A'a, kyauta ne. Abin da ka miƙa cin hanci ne, ko an kira shi kuɗin takarda.

Ɗana ya gudu, sun kama ni a madadinsa. Daidai ne?

Ba daidai ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana.

Kotu ta ce gonar tawa ce, amma mutumin yana da manya a sama, har ya sake shuka. Yaya zan yi?

To, nan ne gizo ke saƙar. Da farko karɓi kwafin hukuncin mai hatimi, ka sa a leda ka adana. "Alƙali ya ce" da fatar baki ba ta fitar da kowa daga gona. Sannan ka tambayi magatakarda ko an ɗaukaka ƙara, kuma ko akwai umarnin dakatar da zartarwa, domin abu biyu ne daban. In babu, koma kotun ka nemi a zartar. Za a iya ja maka rai, yau alƙali ba ya nan, gobe babu motar zuwa. Ba zan yi maka alkawarin gamawa kafin kaka ba. Wani lokacin sulhu a gaban dagaci, ya girbe geronsa bana ya fita, a rubuta da shaidu, ya fi sauri, amma ya danganta da halin mutumin. Abin da nake roƙonka, kada ka tara 'yan'uwa da sanduna, kada ka tuge shukarsa. Na ga mai gaskiya ya kwana a tsare saboda haka, takardar nasararsa na cikin aljihu.

Kwana nawa 'yan sanda za su riƙe mutum kafin su kai shi kotu?

Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce awa 24 in akwai kotu cikin kilomita 40, in babu, awa 48. Laifin da hukuncinsa kisa ne daban yake.

Mace za ta iya tsaya wa mutum beli?

Ƙwarai. Haba jama'a, har yanzu?

Ba ni da kuɗin lauya.

Kwantar da hankalinka, Baba. Hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa tana da ofis a Kano da Dutse. Tafi da duk takardunka, har da sammacin farko.