Man shafawa na kare ƙuna daga ƙwayoyin cuta

Man ƙuna magani ne da ake shafawa kai tsaye a inda wuta ko ruwan zafi ya ƙona mutum, don kar ƙwayoyin cuta su samu wajen zama. Fata ce katangar jiki, in ta saluɓe shikenan hanya ta buɗe, ga ruwa na tsatsafowa ga mataccen nama, abin da bakteriya ke so kenan, musamman Staphylococcus aureus da kuma Pseudomonas aeruginosa mai sa bandeji ya yi kore-kore. In suka kutsa cikin jini anan ake rasa majinyaci da yawa.

Dalilin da ya sa ake shafawa a waje shi ne jini ba ya kaiwa ga naman da ya mutu, to ko an yi allura ko an sha ƙwaya maganin ba zai isa wajen sosai ba.

Wanda aka fi sani shi ne silver sulfadiazine mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, farin mai ne da ya haɗa azurfa da sinadarin sulfa, Charles Fox na Jami'ar Columbia a Amurka ya samar da shi wajen 1968. Sau ɗaya ko biyu ake shafa shi a rana, amma fa sai an wanke ciwon an cire tsohon man tukunna, da safar hannu mai tsabta, wannan wankin kuwa ba wasa ba ne, in aka laɓta sabo kan tsoho an yi aikin banza. Ba a ba mai ciki da ta kusa haihuwa, ko jariri ɗan ƙasa da wata 2, kuma dole a yi hattara da wanda sulfa ba ta karɓe shi ba ko mai ƙarancin G6PD, wani sinadari ne a jiki da ke kare jajayen ƙwayoyin jini. A ƙuna ta sama-sama yana iya jinkirta warkewa, shi ya sa yanzu likitoci da dama sun fi son bandeji na zamani a irin wannan.

Akwai mafenide acetate, shi yana ratsa mataccen nama fiye da na farko, sai dai yana da raɗaɗi kuma yana iya sa asid ya yi yawa a jini.

Ƙuna mai zurfi kam mai kaɗai ba ya isarta, sai tiyata, a yanke mataccen naman a dasa fata. Zazzaɓi, wari, mugunya ko jan da ke yaɗuwa gefen ciwon, duk alamu ne na a garzaya asibiti.