Toni Morrison

Toni Morrison (1931 zuwa 2019) marubuciyar ƙagaggun labarai ce 'yar Amurka, kuma mace baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Nobel ta adabi, a 1993.

Rayuwarta

An haife ta ranar 18 ga Fabrairu 1931 a garin Lorain na jihar Ohio. Sunanta na yanka Chloe Ardelia Wofford, mahaifinta mai walda ne. Ta yi digiri a Jami'ar Howard a 1953, ta ƙara na biyu a Cornell a 1955. Aurenta da Harold Morrison ya mutu a 1964, ya bar ta da 'ya'ya maza biyu. Tun kafin asuba take tashi ta yi rubutu, kafin yaran su farka.

Wajen 1967 ta koma New York tana aikin edita a kamfanin buga littattafai na Random House. Tana cikin waɗanda suka fitar da kundin adabin Afirka na 1972, mai ɗauke da rubutun Chinua Achebe da Wole Soyinka.

Littattafanta

Ƙagaggun littattafanta 11 ne, na farkonsu The Bluest Eye (1970). Wanda ya fi shahara, kuma ya cancanta, shi ne Beloved (1987), da ya ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar adabi ta Amurka, a 1988. Tushensa wani tsohon rahoton jarida ne da ta ci karo da shi a wurin aiki, game da Margaret Garner. Wannan baiwa ta gudu daga jihar Kentucky cikin hunturun 1856, ta tsallaka Kogin Ohio da ya daskare, ita da iyalinta. Da masu farautar bayi suka ritsa su a Cincinnati, sai ta yanka 'yarta mai shekara biyu, don kada a mayar da ita bauta. A littafin, yarinyar ta dawo gidan uwarta a matsayin fatalwa, ta ƙi tafiya. Morrison ta ƙi barin bauta ta zauna a matsayin lissafi kawai, ta shigar da ita cikin ɗaki, tsakanin uwa da 'ya.

Wasu makarantun Amurka sun cire littattafanta daga manhaja saboda abin da ke ciki na fyaɗe da zubar da jini. Har yau ana jayayya kan haka.

Ƙarshen rayuwa

Ta koyar a Jami'ar Princeton daga 1989 zuwa 2006. Ta rasu a New York ranar 5 ga Agusta 2019, tana da shekara 88.