Wayar Salula da Labarin Noma a Jamhuriyar Nijar

Wayar salula ta shigo Jamhuriyar Nijar a 2001, kuma tun daga lokacin ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin da labarin farashi da shawarar noma ke isa ga ƙananan manoma. Kafin zuwanta, mai son sanin nawa ake sayar da tiyar hatsi a wata kasuwa sai ya je da ƙafarsa ranar da take ci, ko ya jira rediyo ya karanto farashin da SIMA, hukumar da ke bin labarin kasuwannin amfanin gona, ke tattarawa. Malaman gona kuwa sun yi kaɗan ƙwarai in an kwatanta da yawan ƙauyuka da nisan da ke tsakaninsu.

Kasuwa ce ta fara ganin canji. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker, wadda ta koyar a jami'ar Tufts da ke Amurka, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da ya haɗa da matsalar abinci ta 2005. Ta gano cewa inda layi ya isa, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma ragin ya fi yawa a kasuwanni masu nisa da mugunyar hanya. Dalilin a fili yake: ɗan kasuwar Maraɗi da a da zai kashe kuɗin mota da yini guda don ya ji labarin Damagaram, yanzu kira ɗaya ya ishe shi, sai ya kai kaya inda ake bukata.

Sai dai abin da ya shiga aljihun manomi bai kai haka ba. Wani binciken da Aker ta yi tare da Marcel Fafchamps ya nuna tazarar farashin da ake biyan manoma ta ragu da kusan kashi 6 cikin ɗari a wake, amma gero da dawa ba su motsa ba, kuma kuɗin da manomi ke karɓa bai ƙaru ba. Wake ba ya jure ajiya saboda ƙwari, shi ya sa labarin gaggawa ke da daraja a kansa. Wannan sakamako ya cancanci a tsaya a kansa, domin manomin da ya ci bashi da damina dole ya sayar da kaka, ko da ya san farashi ya fi kyau a wani gari. Sanin farashi ba ya ba shi amalanke, ba ya biya masa bashi.

Matsala ta biyu ita ce karatu. Manyan da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai rabi ba, don haka rubutaccen saƙo ba ya isa ga mafi yawan waɗanda aka yi shi dominsu. A 2009 da 2010 an gudanar da shirin ABC a jihohin Dosso da Damagaram tare da ƙungiyar Catholic Relief Services, inda aka haɗa yaƙi da jahilci cikin Hausa da Zabarmanci da koyon sarrafa waya. Ɗaliban da suka koyi waya sun fi sauran ci a rubutu da lissafi, kuma gidajensu sun ƙara yawan nau'in abin da suke shukawa, musamman irin kayan miyar da mata ke nomawa don sayarwa, kamar kuɓewa.

Daga baya hankali ya koma ga murya. Ƙungiyar RECA, wadda ta haɗa majalisun manoma na jihohin ƙasar, ta buɗe cibiyar amsa kira da zaurukan WhatsApp, inda manomi zai ɗauki hoton ganyen tumatir ko albasar da tsutsa ta ci, ya yi bayani da bakinsa, malamin gona ya amsa masa da Hausa ko Zabarmanci. Amsar kan zagaya daga waya zuwa waya, har ta kai ga wanda bai yi tambayar ba. Wannan ya fi dacewa da yadda manoma suka saba karɓar sani, wato daga baki zuwa kunne. Cikas ɗin da ya rage shi ne tsadar babbar waya da kuɗin intanet, da rashin wutar caji a ƙauye, ga kuma mata da yawa da sai sun ari wayar maigida kafin su kira.